Otal A Tsohon Siton Bonaberi: Ina Makomar Maigida Da Baƙonsa A Duwala?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin 'yan kasuwarmu da ke gangarowa Duwala daga Kusiri da Amcide da Mubi da Ekok suna ba da labarin sababbin otal-otal na gayu da ake buɗewa a tsallaken kogin Wuri, amma ban taɓa sa ƙafata cikin ko ɗaya ba, sai a watan jiya da wani taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan gidajen rediyon al'umma ya sa na kwana biyu a ɗaya daga cikinsu, a Bonaberi, tafiyar 'yan mintoci a kan babur daga kasuwar Grand Hangar. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da na gani a cikinsa ya fi sunan muhimmanci.

Ginin nan na san shi tun ina saurayi. Sito ne, inda 'yan dako suke yini suna sauke buhuna daga bayan manyan motoci. Wanda ya mayar da shi otal bai rushe shi ba. Ya bar ƙarafunan rufin a fili ya shafa musu baƙin fenti, ya bar wani sashe na bangon babu shafe, tsohon sikelin da ake auna kaya da shi kuwa an goge shi an ajiye a zaure an ɗora masa tukunyar fure. A wurinmu, idan ka ga bango babu shafe, ka san kuɗin mai gini ne suka ƙare. A nan kuwa shi ne adon, har baƙi suna tsayawa a jikinsa suna ɗaukar hoto. Ɗakin tsaf yake, ga sanyi, ga ruwan zafi, ga intanet, kuma idan an ɗauke wuta kafin ka ƙifta ido janareto ya tashi.

Sai dai abin da ya hana ni barci ba adon ba ne. Da safe wajen karin kumallo na tarar da samari uku suna hira da Hausa. Ɗaya yana jiran a fitar masa da kwantena daga tashar jiragen ruwa, ɗaya ya kawo albasa daga Marwa, na ukun kuma mai sayen kayan gyaran waya ne. Da hira ta yi hira sai na gane cewa biyu daga cikinsu iyayensu sun shekara da shekaru suna sauka a gidajen Hausawa na New Bell. Su kuwa ko leƙawa ba su yi ba a wannan zuwan. Wannan shi ne maƙasudin sharhinmu na yau, domin magana ce da ta shafi aljihun ɗan kasuwa, ta shafi amanar da ake cin kasuwa da ita, ta kuma shafi filayen da Hausawan Duwala ke zaune a kai.

Yadda Bonaberi ta zama abin da ta zama

Domin mai karatu da bai san garin ba, kogin Wuri ya raba Duwala gida biyu. A ɓangare guda akwai Bonanjo da Akwa da New Bell da babbar tashar jiragen ruwa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Bonaberi, wadda a yau ita ce gunduma ta huɗu ta birnin, kuma a cikinta ne Grand Hangar take, sunan da a Faransanci yake nufin babbar rumfa. Tun zamanin Jamus Bonaberi wurin kaya ce. Daga nan ne Jamusawa suka shimfiɗa layin dogo zuwa Nkongsamba, wanda aka kammala a 1911, domin kwaso amfanin gona daga ƙasar tudu zuwa bakin ruwa. A tsakiyar shekarun 1950 Faransawa suka gina gadar farko a kan kogin. A 1971 gwamnatin Kamaru ta kafa hukumar MAGZI mai kula da filayen masana'antu, inda aka ware manyan wurare biyu a Duwala, wato Bassa da Bonaberi. Haka aka samu kamfanin siminti na CIMENCAM da masu tsaga katako da masu sarrafa kayan abinci da ɗimbin sito-sito a wannan yanki.

A nan ya kamata in gyara wata magana da masu tallan otal suke yi, cewa wai Bonaberi tsohuwar unguwar masana'antu ce. Gaskiyar magana ita ce masana'antun ba su mutu duka ba. Har yanzu ana niƙa siminti a nan, hasali ma wani kamfanin ƙasar Maroko mai suna CIMAF ya buɗe nasa a 2014, kuma duk wanda ya bi hanyar da sassafe zai ga manyan motoci sun yi jerin gwano. Abin da ya faru shi ne an yi ta samun giɓi. Matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa Kamaru daga tsakiyar shekarun 1980 ya durƙusar da kamfanoni da dama. Jirgin ƙasa ya daina isa Nkongsamba tun cikin shekarun 1990. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya sa duk mai shigo da kayan aiki daga waje ya ji a jikinsa. Sito-sito da yawa suka zama kango, waɗansu kuma aka yanyanka su aka ba ƙananan 'yan kasuwa haya da araha. Da yawa daga cikin masu albasa da gyaɗa da wake da fata na arewa a irin waɗannan wurare suke ajiye kayansu.

Abubuwa uku suka juya lissafin. Na farko, gada ta biyu da aka buɗe wa motoci a ƙarshen 2017. Kafin ita, wanda ya taso daga Bonaberi zuwa Akwa yana iya share sa'o'i a cunkoso, don haka babu baƙon da zai yarda ya kwana a tsallake. Na biyu, rikicin yankunan masu magana da Ingilishi da ya ɓarke a ƙarshen 2016. Bonaberi ita ce ƙofar shiga Duwala ga wanda ya fito daga Buea da Kumba da Bamenda, saboda haka dubban mutanen da suka gudo nan suka fara yada zango, kuɗin hayar ɗaki ya tashi, fili ya yi daraja. Na uku, gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, wadda ta sa masu kuɗi suka yi rige-rigen gina masauki a ko'ina cikin birnin. A lokacin ne aka buɗe Krystal Palace a Akwa, a ƙarshen 2021. Idan aka haɗa waɗannan da buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Kribi a 2018, wadda ta ɗauke wani kaso na manyan jirage, za a ga dalilin da ya sa mai sito ya zauna ya yi lissafi, ya ga cewa buhu yana biyan haya sau ɗaya a wata, baƙo kuwa kullum dare yake biya.

Ba a Duwala aka fara ba

Wannan salo daga ƙasashen Turawa aka kwaso shi. A birnin New York na Amurka akwai unguwar Williamsburg, wadda a da cike take da masana'antu. Babbar matatar sukarin da ke can ta rufe a 2004, a 2005 hukumar birnin ta sauya dokar amfani da filayen bakin ruwa, a 2012 kuma aka mayar da wata masana'antar ƙera ganguna da aka gina tun 1901 ta zama otal mai suna Wythe. Cikin 'yan shekaru leburori da ƙananan masu shaguna da dama suka kasa biyan haya suka tashi. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, rumbun hatsin bakin tashar jiragen ruwa da ya fara aiki a 1924 ya daina aiki a 2001, ya koma otal na alfarma da gidan adana kayan zane a 2017.

Idan mai karatu ya lura, tafiyar iri ɗaya ce. Masana'anta ta tsaya, haya ta faɗi, talaka da ƙaramin ɗan kasuwa su shigo su raya wurin da guminsu, gwamnati ta gyara hanya, mai jari ya dawo, haya ta tashi, wanda ya raya wurin ya kwashe komatsansa. 'Yan uwanmu na Najeriya sun san kashin farko na wannan labari. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, kuma duk wanda ya zaga Kakuri ko Bompai da Sharaɗa da Calawa a Kano ya ga gine-ginen da injinansu suka yi shiru. Abin da ke faruwa a Bonaberi shi ne kashi na biyu, kuma babu abin da zai hana shi isa can.

Abin da maigida yake bayarwa

Yanzu bari mu tsallako gada mu dawo New Bell. Unguwar nan ita kanta tashin mutane ne ya haife ta. Daga 1910 Jamusawa suka ƙudiri aniyar ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala da ke bakin ruwa domin su zama unguwar Turawa zalla, suka ware wani wuri can baya suka ce baƙar fata su koma, aka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. 'Yan garin da yawa ba su yarda sun zauna a sabon wurin ba, sai baƙi suka cika shi, Hausawa da Bamileke da Bassa da sauransu. A nan kakanninmu fatake, masu goro da shanu da tufafi, suka kafa gidaje da masallatai da sarautar Hausawa. Sun ga tarzomar 1955, sun ga gobarar da ta cinye unguwar Congo a 1960, amma ba su tashi ba.

A cikin waɗannan gidaje ne aka gina tsarin da ya riƙe kasuwancin Hausawa daga Kumasi har zuwa nan, wato tsarin maigida da baƙonsa. Samarin yanzu suna ɗauka maigida mai ba da tabarma da tuwo ne kawai. Ba su san shi ba. Idan baƙo ya sauka, maigida ne zai ajiye masa kaya a sitonsa, shi zai haɗa shi da dillali, shi ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa a cikin masu saye. Idan aka sayar da shanu bashi ga mahauta, maigida ne ke tsayawa lamuni, idan kuɗin suka maƙale shi zai bi, wani lokaci ma ya biya daga aljihunsa don kada sunan gidansa ya ɓaci. Shi ne tafinta a gaban jandarma da ma'aikatan duwan ga wanda ba ya jin Faransanci. Shi ne ma'ajin kuɗi. Idan baƙo ya kwanta ciwo shi zai kai shi asibiti, idan ta Allah ta kasance shi zai yi masa sutura ya aika wa iyalinsa da abin da ya bari. Duk wannan ba a biyan kuɗin ɗaki, ladansa yana fitowa ne daga la'adar ciniki. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa wannan lamuni na masu gida shi ne ginshiƙin cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu. Abin da ya gani a Ibadan shi ne a Duwala.

To me ya sa samari suke guje masa? A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Na farko, wayar hannu ta cinye rabin aikin maigida. Mai albasa yana Marwa yake jin farashin kasuwar Sandaga, yana Kusiri yake ganin hoton kaya a WhatsApp, kuɗi kuma ta Orange Money ko MTN ko banki suke tafiya, babu sauran ɗaure damin kuɗi a ƙugu. Na biyu, ba duk masu gida ne suka riƙe amanar iyayensu ba. Akwai wanda zai karɓi la'ada a hannun mai saye ya kuma karɓa a hannun baƙonsa, akwai wanda zai riƙe kuɗin baƙo ya juya su mako biyu yana ce masa ba a biya ba. Ɗaya daga cikin samarin nan ya shaida mini cewa abin da ya raba shi da gidan da mahaifinsa ke sauka shi ne, duk abin da ya saya kafin ya koma gida labari ya riga shi isa, har abokan hamayyarsa sun san farashin. Na uku, gidajen kansu sun tsufa. Magada sun yi yawa, ɗakunan baƙi sun zama na haya, mutum shida a ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya, ga ruwa yana shiga gida idan damina ta kankama. Wanda ya saba da kwana a otal a Dubai ko Guwanzu ba zai koma wannan ba.

Lissafin kwana

Amma kafin ɗan kasuwa ya yanke hukunci, ya kamata ya ɗauki alƙalami. Mu ɗauka, a matsayin misali, ɗaki sefa 25,000 ne a dare. Ka tambaya tun a bakin kanta ko harajin kaya na kashi 19.25 cikin ɗari yana ciki, ka kuma tambayi harajin kwana da dokar kasafin kuɗi ta 2017 ta kawo, wanda aka sa daga sefa 500 zuwa 5,000 a kowane dare gwargwadon darajar otal. Ka ƙara abinci, domin farantin shinkafar otal ya ninka na mai tuwon bakin masallaci. Ka ƙara kuɗin ɗan acaɓa, wanda a nan ake kira bensikin, zuwa kasuwa da dawowa. Wanda ya zo kwana biyu ya sa hannu a takarda ya juya, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Amma wanda kwantenarsa ta maƙale, ko motarsa ta lalace a hanyar Ngaundare, ya yi kwana goma sha biyu, kuɗin ɗaki kaɗai sun kai sefa 300,000. Ribar buhu nawa ke nan?

Ga wanda jarinsa na Naira ne abin ya fi ciwo. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, 655.957 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube, daga wajen 460 a kan Dala ɗaya har ta haura 1,500 a farkon 2024, lokacin da sefa 1,000 ta wuce Naira 2,000. Wato ɗan Mubi ko ɗan Gamboru yana biyan kuɗin ɗakin da tsada biyu, ta otal da ta canji.

Sa'annan akwai abin da ba ya shiga rasit. Otal zai ba ka makulli, amma ba zai tsaya maka lamuni ba. Idan wanda ka ba kaya bashi ya kashe wayarsa, yaron da ke kanta ba zai bi ka Mboppi neman sa ba. Idan aka tsare ka a kan takardu, kuma kada a manta Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, babu wanda zai zo belinka daga otal. Na sha karanta sanarwar cigiya a gidan rediyonmu, kuma abin da na lura da shi shi ne, wanda ya sauka a hannun mutane akan gano inda yake kafin rana ta faɗi, wanda kuwa ya shigo gari babu wanda ya sani, sai an sha wahala.

Ban ce otal ba shi da amfani ba. Yana da shi. Mata 'yan kasuwa, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a wannan hanya, sun fi samun sutura da kwanciyar hankali a ɗaki mai makulli. Mai hulɗa da kamfani yana buƙatar rasit da wurin da zai karɓi baƙo. Yaranmu kuma suna samun aikin gadi da tuƙi da girki. Sai dai mai sauka ya duba abu uku: ko akwai wurin salla, ko mashaya tana manne da ɗakuna, da kuma inda ake sayo naman da ake dafawa. Haka nan ya dubi lafiyar ginin, musamman wanda aka ɗora wa bene a kan tsohon tushe, domin ba mu manta da benen da ya rufta a wannan birni a watan Yulin 2023 ya hallaka mutane kusan 40 ba.

Babbar maganar ita ce fili

Duk abin da na faɗa a baya ƙarami ne a kan wannan. Otal ba ya tsayawa a cikin katangarsa. Idan ya yi kasuwa, maƙwabcinsa mai sito zai ce shi ma haka zai yi, ko ya ninka haya. Ƙaramin ɗan kasuwar da ke ajiye buhu ɗari biyu kusa da Grand Hangar sai ya koma can wajen Bekoko, ya ƙara kuɗin mota a kan kowane buhu, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwar iyaka shi zai biya. Masu shanun da ke hulɗa da mayankar Bonendale su ma su sa ido, domin mai otal ba ya son warin garke kusa da baƙinsa, kuma muryarsa ta fi tamu isa ofis.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai, ya tuna da Dikolo. A watan Mayun 2022 aka wayi gari motocin rusau sun shiga wannan yanki na unguwar Bali, wadda ba ta da nisa da New Bell, suka rushe gidajen iyalai masu yawa domin a gina katafaren otal mai tauraro biyar, bisa hujjar cewa aikin na amfanin jama'a ne. Mutanen da abin ya shafa akasarinsu 'yan asalin Duwala ne, waɗansunsu suka ce suna riƙe da takardun mallaka. Jama'a suka yi zanga-zanga, aka shiga kotu, kuma a watan Mayun 2023 kotun da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a ta jihar Littoral ta soke wannan hujja. Sun yi nasara, amma a kan kango, domin hukuncin kotu ba ya tayar da bangon da ya faɗi. Abin tambaya a nan shi ne, idan haka ta faru da 'yan gari masu sarakuna da lauyoyi, ina ga wanda har gobe ake kiransa baƙo ko da kakansa a nan aka binne shi? Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 a fili take. Takardar mallaka da ake kira titre foncier ita ce shaidar da hukuma ta sani, kuma cinikin fili mai irin wannan takarda sai a gaban jami'in da ake kira notaire, in ba haka ba cinikin bai inganta ba. Gidajen Hausawa da yawa a New Bell ba su da ita. Abin da ke hannun magada shi ne wata tsohuwar takardar ciniki, ko shaidar dattawan da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ga shi kuma unguwar tana tsakiyar gari, kusa da babbar kasuwa da kasuwar Congo da Nkololoun, tsakanin Akwa da filin jirgin sama. Duk mai jarin da ya buɗe taswira zai ga abin da nake gani. Ba lallai sai da motar rusau za a zo ba. Ya isa a samu magaji ɗaya cikin goma sha biyar da ke cikin matsi, a nuna masa kuɗin da bai taɓa gani ba.

Ina mafita?

A ganina, zagin samari ba zai mayar da su kan tabarma ba, kuma zamani riga ne. Abin da ya dace shi ne a raba abu biyu da a da suke haɗe, wato wurin kwana da amana. Ɗan kasuwa yana iya kwana inda ransa yake so, amma ya shiga gari ta hannun mutane. Ya je ya gai da maigidan mahaifinsa, ya sanar da shi inda ya sauka, idan cinikin bashi ne ya sa shi a tsakani ya biya shi la'adarsa a fili. Da tsohuwar zuma ake magani.

Su kuma masu gida, lokaci ya yi da za su gyara. A faɗi la'ada tun kafin ciniki, a rubuta abin da aka karɓa da abin da aka bayar, a kama baki a kan sirrin baƙo. Gidan da ke da hali ya gyara ɗaki biyu ko uku, da banɗaki da makulli da fanka, ya sa musu kuɗi madaidaici. Babu abin kunya a ciki. Mai otal ɗin Bonaberi tsohon sikeli ya goge yake sayar da tarihin da ba nasa ba, mu kuwa da muke da tarihin na gaske mun bar shi yana zubewa.

Ga attajiranmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, masu albasa da masu shanu da masu motoci, shawarata ita ce su haɗa hannu su sayi ko da sito ɗaya ne a Bonaberi tun farashi bai fi ƙarfinsu ba, da takarda cikakkiya da sunan ƙungiya. Ƙasa ta zama wurin ajiyar kaya, sama ta zama masauki mai tsabta da masallaci. Kuɗin da 'ya'yanmu ke zubawa a otal-otal na wasu a shekara guda, da an tara su, da an fara.

Ga sarakunan Hausawa da limamai kuma, babu hidimar da ta fi a yanzu kamar a bi gida-gida a san wanda ke da takarda da wanda ba shi da ita, a samo lauyoyi daga cikin 'ya'yanmu su taimaka a raba gādo a yi rajista, a kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda zai sayar ya fara tallata wa dangi da maƙwabta. Hukumomin birni su ma muna kira gare su, duk lokacin da za a ba da izinin mayar da sito otal, a tuna cewa garin tashar jiragen ruwa ne, kuma kaya ma suna buƙatar wurin kwana.

Ranar da zan bar otal ɗin na sake tsayawa a gaban sikelin nan. Wani dattijo mai gadi ya ce mini shi ma ya yi dako a wurin, kuma yanzu aikinsa ya fi sauƙi, sai dai a da su arba'in ne suke ci a ƙofar, yanzu su uku ne. Na hau babur na tsallaka gada na nufi New Bell, na tarar da wani maigida da na sani zaune a ƙofar zaurensa, ɗakunan baƙinsa biyu a buɗe babu kowa.

Masu sauraronmu da masu karatu da ke kasuwannin iyaka, muna son jin ta bakinku a kan inda kuke sauka idan kun zo Duwala da dalilinku. Allah Ya ba da sa'ar kasuwa, Ya kai kowa gidansa lafiya.